Kwazazzabon Samariya da Ikon Mai Gadi na Cewa A'a

Duk wanda zai shiga kwazazzabon Samariya, a kudu maso yammacin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, sai ya sayi tikiti a bakin ƙofa, kuma ana ja masa kunne kada ya yar da shi. Bayan tafiyar kilomita 13, a ƙofar fita ta kudu, wani ma'aikaci zai nemi ya ga tikitin nan. Baƙi da yawa suna ɗauka ana yin haka ne don a kama waɗanda suka sulale ba su biya ba. Ainihin dalilin ya fi wannan nauyi: ƙidaya ake yi. Idan mutum dubu suka shiga da safe, dole ne kafin faɗuwar rana a tabbatar mutum dubu sun fito, ta wannan ƙofa ko ta waccan. In lissafi bai cika ba, to akwai wanda ya rage a ciki, wataƙila da karyayyar ƙafa, ga dare yana tahowa a wurin da mota ba ta shiga.

Wannan 'yar takarda ta isa ta bayyana abin da matafiyi ya saya da kuɗinsa. Duwatsun da ya zo kallo ba wanda ya gina su, ba kuma wanda zai iya sayar masa da su. Abin da ya biya shi ne aikin mutanen da ke gyara masa turba, suna ƙidaya shi, suna kuma riƙe da ikon rufe ƙofa a gabansa. Wannan iko na ƙarshe shi ne ke jawo tsaki da ƙunƙuni. Akan wayi gari sama ta yi garau, masu yawon buɗe ido sun ɗaura takalma tun asuba, sai sanarwa ta fito cewa yau ba shiga, domin masu hasashen yanayi sun hango ruwa, ko iska, ko zafi mai tsanani. Sau da yawa kuma yinin yakan ƙare ba a ga ko ɗigon ruwa ba. Duk da haka masu rufe ƙofar su ke da gaskiya, kuma a cikin abubuwan da tikitin ya ƙunsa babu wanda ya kai wannan iko nasu daraja. Kafin a ga dalili, sai an san siffar tafiyar kanta.

Ana farawa ne daga gefen tudun Omalos, a cikin jerin tsaunukan da ake kira Fararen Duwatsu, a wani wuri mai suna Ksiloskalo, wato matakalar katako, kimanin mita 1,230 sama da teku. Motoci sukan kwaso mutane daga birnin Haniya tun da duhun asuba. Daga bakin ƙofa gangara ce tsantsa: cikin kilomita huɗun farko mutum zai sauko kusan mita 600, a kan turba mai karkace-karkace da shingen itace a gefenta, ga tsaunin Gingilos tsaye a gabansa, fari fat, kusan ba ko ciyawa a jikinsa. Inuwar tsofaffin itatuwa masu ganye kamar allura tana rufe wannan sashe, iska kuma tana da sanyi ko a tsakiyar bazara. Sannan a isa ƙasan kwarin, a bi gefen rafi, ana ƙetare shi a kai a kai a bisa duwatsu da 'yan gadojin katako. Wajen rabin hanya akwai kufan ƙauyen Samariya, inda ake zama a ci guzuri. A nan ne akuyoyin dajin Kirit, waɗanda ake kira kiri-kiri, sukan matso neman ɓurɓushin burodi, alhali don a kare su daga mutane aka kafa gandun tun farko. Gaba da kufan ne bangayen suke fara matsowa, har a isa wurin da ake kira Ƙofofi, inda faɗin kwazazzabon bai wuce mita huɗu ba, bangayen kuwa sun miƙe sama kusan mita 300. Bayan ƙofar fita saura kimanin kilomita uku zuwa ƙauyen Agiya Rumeli, a bakin Tekun Libiya. Jimilla kilomita 16 ke nan, tafiyar sa'a biyar zuwa bakwai ga mai matsakaicin ƙarfi.

Agiya Rumeli ba ta da hanyar mota da ta haɗa ta da sauran tsibirin. Jirgin ruwa ne ke kwashe mutane zuwa Hora Sfakiyon ta gabas ko Sugiya ta yamma, inda motocinsu ke jira, kuma jirgin ƙarshe yana tashi ne da la'asar sakaliya. Wanda ya rasa shi sai ya nemi wurin kwana.

A takarda, tafiyar tana da sauƙi: yini guda ce, gangara ce, ga maɓuɓɓugan ruwan sha da wuraren hutawa a hanya. A nan ruɗin yake. Gangara ba ta sa haki, don haka ba ta yi wa mutum gargaɗi, amma ita ce ke cinye gwiwa da idon sawu a hankali. Lokacin da ƙafa za ta fara rawa, mutum ya riga ya yi nisa. Komawa baya hawan tsauni ne na kusan mita 900, ci gaba kuma kilomitoci ne a kan duwatsu masu santsi, cikin zafin da bangaye ke mayarwa kamar tanda. Hanya ta uku babu. Layin waya yana ɗaukewa a mafi yawan turbar, kuma wanda ya ji rauni sau da yawa a bayan alfadari ake fitar da shi, kamar yadda aka yi wa kakannin mutanen wurin.

Sai kuma taro. Mutane fiye da dubu ɗari ne ke bin wannan turba kowace shekara, a ranakun cunkoso kuma sukan haura dubu a yini guda. Taro yana kwantar da hankali ko da babu dalilin kwanciyarsa. Wanda ya hango dattijuwa tana tafe a gabansa da takalmi fade, ga yara suna tsalle-tsalle a bayansa, zai yanke wa kansa hukunci cewa wurin ba shi da haɗari, ita ma dattijuwar da ganinsa ta yanke nata. Kowa yana jingine da ɗan'uwansa, ba wanda ke jingine da sani. Ga agogon jirgi yana tura kowa gaba: an biya kuɗin mota, an biya na jirgi, jakar kaya tana otal a ɗaya gefen tsibirin. Ko da gajimare ya fara haɗuwa a 'yar siririyar samar da ake gani daga ƙasa, duk abin da ke kewaye da matafiyin yana ce masa ya ƙara sauri, ya kuma nufi daidai inda kwazazzabon ya fi ƙunci.

Abin da ruwa ke yi a wuri mai ƙunci

Kwazazzabo magudana ce. Ruwa ne ya sassaƙa shi tsawon zamunna, kuma bai daina bi ta nan ba don mutane sun shimfiɗa turba. Duk ruwan da ya zuba a gangaren tsaunukan da ke kewaye, wanda ƙasa ba ta shanye ba, ƙofa ɗaya yake da ita. Fararen Duwatsu suna da tsagogi da ramuka masu shan ruwa, amma in hadari ya sauke kayansa gaba ɗaya cikin 'yan mintoci, gangaren ya yi tsayi da yawa, ƙasar kuma ta yi ƙaranci, ba za su riƙe shi ba.

Ɗan lissafi zai taimaka. A ɗauka ruwa mai zurfin milimita 10 kacal, wanda manomi ba zai ma yi shuka da shi ba, ya zuba a fili mai faɗin murabba'in kilomita 10. Wannan lita miliyan 100 ce. A ce rabinsa ya nutse, rabin kuma ya gangaro cikin sa'a guda: kusan lita 14,000 ke nan kowace daƙiƙa, nauyin tan 14, duk suna neman wucewa ta tsaga mai faɗin mita huɗu. Ba kuma ruwa zalla ne ke zuwa ba. Yana tafe da laka da gungumen itace da duwatsu, yana tura su a gabansa kamar bango. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kayar da ƙaton mutum.

Mafi muni, ba lallai ne ruwan ya zuba a kan wanda zai ci ba. Mutanen Agadas sun san wannan da koramar Telwa, wadda kan tumbatso da ruwan da ya sauka can cikin duwatsun Azbin alhali cikin gari ƙura ce ke tashi. Bambancin kawai shi ne, korama a fili tana da gaɓar da za a haye, kwazazzabo kuwa bango ne hagu da dama. A ranar 12 ga Agusta 1997, a kwazazzabon Antelope na jihar Arizona ta Amurka, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11. Ruwan da ya sauka a inda suke bai taka kara ya karya ba. Hadarin ya zuba ne kilomitoci da dama daga wurin, ya biyo magudanarsa ya same su.

A Samariya akwai haɗari na biyu, wato duwatsun da ke zubowa daga sama. Ruwa yana sassauta su, iska tana turo su, wani lokaci akuya ce kawai ta taka. A watan Agusta 2023 girgizar ƙasa ta zubo da duwatsu a cikin kwazazzabon, wani ɗan ƙasar Sifaniya ya ji mummunan rauni. A watan Satumba 2024 ruwan bazata ya sauko, dutse ya faɗo wa wata Bajamushiya, ta rasu. Wannan a gandun da ke da ƙofa da masu gadi da ƙidaya ke nan.

Inda babu su fa? A ranar 20 ga Agusta 2018 ambaliya ta afka wa masu tafiya a kwazazzabon Raganello, cikin gandun dajin Polino a kudancin Italiya, mutum 10 suka mutu, har da ɗan jagora. An fitar da gargaɗin yanayi na wannan rana, amma ba wata ƙofa da gargaɗin zai rufe. Da dare ya yi, masu ceto suna ta haska fitilu cikin laka ba su ma san mutum nawa suke nema ba, domin ba wanda ya ƙidaya masu shiga. A gandun Zayon na jihar Yuta ta Amurka, ranar 14 ga Satumba 2015, mutum bakwai suka karɓi takardar izinin shiga ƙaramin kwazazzabon Keyhole da safe. Da rana hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin ambaliya, aka rufe kwazazzabai, amma su sun riga sun fita daga inda saƙo zai iske su. Dukansu suka mutu. A gandun Hell's Gate na Kenya kuwa, kusa da Naibasha, ambaliya ta kashe mutum bakwai a 2012, ta sake kashe wasu bakwai ranar 1 ga Satumba 2019 a kwazazzabo guda. A Raganello da Zayon sanin haɗarin yana nan a hannun wani, sai dai bai zama rufaffiyar ƙofa ba a lokacin da zai yi amfani. A Hell's Gate kuwa darasin farko bai hana na biyu ba.

Masu ƙunƙuni da hujjojinsu

Hujjar farko ita ce ta 'yanci, kuma ba ta wasa ba ce. Baligi mai hankali yana da haƙƙin ya ɗauki haɗari da ransa. Masu hawan tsaunuka suna yin haka kullum, kuma duniyar da hukuma ke hana kowa duk abin da zai iya cutar da shi ba duniyar da za a so zama cikinta ba ce. Sai dai zaɓi yana zama zaɓi ne in mai yinsa ya san abin da yake zaɓa. Mutumin da ke tsaye a Ksiloskalo da ƙarfe bakwai na safe yana ganin samar da ke bisa kansa ne a wannan sa'a. Abin da zai faru a bayan tsauni da ƙarfe biyu na rana, lokacin da shi zai kasance tsakanin bangaye, yana hannun masu na'urar hangen hadari. Yawancin masu bin wannan turba kuma ba ƙwararru ba ne. Mutane ne da suka zo hutun bakin teku, suka ga hoto a takardar talla a teburin otal, suka biya kamar yadda za su biya kuɗin kewaya gari. Ƙasar da ta gyara turba, ta kafa ƙofa, ta karɓi kuɗin shiga, ta riga ta yi wa irin waɗannan alkawari ko ba ta furta ba. Ban da haka, haɗarin ba na mai ɗaukarsa kaɗai ba ne. Yana tafe da 'ya'yansa, kuma in abin ya faru, ma'aikatan ceto ne za su shiga bayansa cikin ruwan da ya ci shi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin ta abinci ce. Ana buɗe kwazazzabon ne daga farkon Mayu zuwa Oktoba, kuma cikin waɗannan watanni shida mutanen Agiya Rumeli ke neman abin da za su ci shekara. Ranar da aka rufe ƙofa, gidajen abinci sun yi cefane a banza, jirgi ya tafi fayau, direbobi da 'yan jagora sun wuni ba ko sisi. In kuma yamma ta yi ba a ga ruwan da aka ce ba, wa zai zarge su in sun ce wani ma'aikacin ofis ne ke kare kujerarsa da aljihunsu?

Akwai kuma tarihi a bayan wannan haushi. Kaɗaicin da baƙi ke zuwa nema a Samariya ba haka Allah ya bar wurin ba, ƙirƙirarsa aka yi. Mutane sun zauna cikin kwazazzabon ɗaruruwan shekaru, da gonakin zaitun da awakinsu da amyoyin zumarsu. Sunan wurin ma ya samo asali ne daga wata 'yar majami'a ta ƙarni na 14 mai suna Osiya Mariya. Da aka kafa gandun dajin a 1962, aka tashi mazauna ƙauyen, gidajensu suka zama wurin hutawar baƙi da ofishin masu gadi. Mutanen wannan yanki na Sfakiya kuma sun yi suna wajen ƙin sunkuyar da kai. Daga cikinsu Daskaloyanis ya fito ya jagoranci tawaye ga Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1770, kuma kwazazzaban nan su ne mafakarsu duk lokacin da yaƙi ya zo. A watan Mayu 1941, da sojojin laima na Jamus suka sauko Kirit, ta wannan kwazazzabo aka bi da Sarki George na Biyu na Girka zuwa bakin teku, jirgin yaƙin Birtaniya ya ɗauke shi zuwa Masar. Jikokin mutanen da suka san kowane dutse na wurin, yau sai su jira sanarwa kafin su san ko za su yi ciniki. Wanda bai ji zafin wannan ba bai fahimci maganar ba.

Amma zafin bai mayar da hujjar daidai ba. Abin da ya nuna shi ne asarar ranar rufewa bai kamata ta faɗa kan ƙauye ɗaya ba, tunda amfanin rufewar na kowa ne. Gandun da ke karɓar kuɗin shiga daga mutum fiye da dubu ɗari yana da inda zai ware wani abu don rage wa mutanen bakin ƙofarsa raɗaɗi. Wannan magana ce ta raba nauyi, ba ta kai ga cewa a buɗe ƙofa ba. Hasali ma, dogaron da mutanen wurin suka yi da buɗewar shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata hukuncin ya zama a hannunsu ba, ko a hannun kamfanonin yawon buɗe ido, ko a hannun duk wanda albashinsa ke ƙaruwa da yawan masu shiga. Wannan ba zargin rashin imani ba ne. Ba a dai ba mutum alƙalancin shari'ar da tuwonsa ke ciki. Kuma ko ta fuskar ciniki zalla aka duba, da muguwar rawa gara ƙin tashi: bayan ambaliyar Raganello masu gabatar da ƙara sun sa an garƙame kwazazzabon, shekaru suka shuɗe ƙauyen Civita da ke bakinsa bai ga irin baƙin da ya saba gani ba. Asarar yini goma a shekara ba ta kama ƙafar wannan ba.

Saura hujjar da aka fi ji a bakin matafiya: an rufe, kuma ba abin da ya faru. Wahalar aikin mai gadi ke nan, domin in ya yi daidai ba a ganin komai, sai in ya yi kuskure ake ganin gawa. Hadarin tsauni ba ya bin alƙawari. Mai hasashe zai iya cewa yau iska ta ɗauko ruwa kuma yanayi ya nuna, amma ba zai iya cewa a kan wane gangare zai sauka ba. A ɗauka, don misali kawai, cewa a irin wannan rana yiwuwar ambaliya ɗaya ce cikin hamsin. Ga mutumin da ya zo sau ɗaya a rayuwarsa, wannan caca ce da kusan tabbas zai ci, don haka haushinsa yana da ma'ana. Mai gadi kuwa ba sau ɗaya yake buga ta ba. In irin wannan rana ta zo sau ashirin ya buɗe a dukansu, yiwuwar ambaliya ta riski mutane a ciki ta kai kusan ɗaya cikin uku, kuma ba mutum ɗaya za ta riska ba. Lissafin baƙo da na mai gadi duka daidai suke, sai dai na mai gadi ne ya ƙunshi kowa.

Sharaɗin wannan iko

Wanda aka ba ikon cewa a'a shi ma akwai abin da ake binsa. Rufewar da ba a san ma'auninta ba tana haifar da zato, zato kuma yana haifar da roƙo da matsin lamba da kiran waya daga manya. A nan gandun Zayon ya yi abin koyi. Shahararriyar tafiyarsa, wadda ake kira Narrows, cikin kogin Virgin kanta ake yin ta, ana taka ruwa tsakanin bangaye. Dokarta a rubuce take: in gudun ruwa ya wuce kimanin lita 4,200 a daƙiƙa, an rufe, in hukumar yanayi ta ƙasa ta fitar da gargaɗin ambaliya, an rufe. Na'urar awon tana bakin kogi, alƙalumanta suna intanet, kowa na iya dubawa. Ba a ciniki da lamba. (A kwatanta wannan adadi da lita 14,000 na ɗan lissafin da ya gabata, sai a ga yadda ruwan da ake rainawa ya ninka iyakar fiye da sau uku.) Dokar ba ta cika ba, abin da ya faru a Keyhole shaida ne: na'ura tana auna ruwan da ya riga ya iso, gargaɗi kuma yakan fito bayan mutane sun shiga. Abin da wannan ke nunawa shi ne, a turbar da ke cin sa'a bakwai ba mafita a tsakiya, dole a yanke hukunci tun daren jiya bisa hasashe, da sanin cewa za a riƙa rufewa a ranakun da daga baya za a ga ba a bukata.

Sannan a cire wa matafiyi abin da ke tura shi. Kamfanin da ya sayar masa da tafiya ya mayar masa da kuɗinsa ko ya sauya masa rana ba gardama, kuma takardar talla ta faɗi tsawon hanya da tsayin gangara da cewa babu mafita a tsakiya, da manyan baƙaƙe kamar yadda take faɗin farashi. Wanda gwiwarsa ba za ta iya ba, a gaya masa akwai wata hanya: ya shiga jirgi zuwa Agiya Rumeli, ya haura daga ƙasa zuwa Ƙofofi, ya dawo. 'Yan kilomitoci ne, kusan a miƙe, kuma zai ga wurin da ke cikin hoton.

Akwai kuskure na ɗaya gefen da ya kamata a guje masa. Duk lokacin da aka yi rashi, sai a ji kiraye-kiraye a shimfiɗa ragar ƙarfe a bangaye, a zuba kankare, a yi rufi. A wasu 'yan wurare wannan yana da amfani, hular kwano ma tana kare kai daga tsakuwa. Amma ba wanda zai iya ɗaure bango mai tsayin mita 300 tsawon kilomitoci, kuma duk gyaran da ya sa turba ta yi kama da titi yana ƙara jawo waɗanda za su shigo da shirin titi. A ƙarshe a rasa abin da aka kafa gandun dominsa. Wuri ne da UNESCO ta sa cikin jerin keɓaɓɓun matattarar halittu tun 1981, mai tsirran da wasunsu ba a samunsu ko'ina a duniya sai a duwatsun Kirit, suna maƙale a tsagogin da awaki ba sa kaiwa. Rufe ƙofa na yini guda ya fi kankare araha, kuma ba ya barin tabo a jikin dutse.

Abin lura shi ne, akwai rufewar da ba wanda ke gardama a kanta. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu kwazazzabon a rufe yake ruf, domin a lokacin ruwan a bayyane yake: dusar ƙanƙara tana narkewa daga Fararen Duwatsu, rafin da ake tsallakewa a bazara ya zama kogi ya cika Ƙofofi bango zuwa bango. Yakan kwashe gadojin katako, ya binne turba a wani wuri, ya ajiye sababbin duwatsu a wani. Da bazara ta matso sai ma'aikata su shiga da alfadarai da katako, su sake shimfiɗa abin da ruwa ya ɗauke. A takarda ranar 1 ga Mayu ce ranar buɗewa, amma akwai shekarun da takan wuce ƙofa tana rufe, ana jira ruwan Ƙofofi ya sauka.